Ciwon Ya Dawo Bayan Ka Tafi

Tirkaniya, Kaduna
Lahadi, bayan an taso daga sujada

Zuwa ga maigidana, Baban Rahila,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya? Ka ga hannuna ya rubuta haka kafin in tuna cewa inda kake babu gajiya. Na bar shi, ba zan goge ba. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu direban da zan ba wa ya kai maka, kuma ba za ka zauna a kan bencin ƙofar ɗaki ka riƙe ta nesa da ido kana karantawa kana motsa leɓe yadda ka saba ba. Duk da haka zan rubuta. Labarin da nake da shi naka ne kafin ya zama na kowa, kuma ya yi mini yawa a ciki.

Ka tafi kana ganin na warke. Ni ma haka na ɗauka. To, ciwon ya dawo, Yohanna. Kada ka tayar da hankalinka, ka ji ƙarshen maganar tukuna. Mai rubuta maka a zaune take daram, ta ci tuwo ta ƙoshi, zanen da ka saya mata har ya fara yi mata kaɗan a ƙugu.

Ka tuna yadda abin ya fara, bayan na yaye Iliya. Gudawa ba dare ba rana, da jini da majina, da murɗar ciki mai sa ni durƙusawa a tsakiyar hanya. Wannan ya ce atini ne, wancan ya ce basir ne. Wane jiƙo ne ban sha ba? Daga nan gidan har ƙofar masaƙa a Kakuri, babu bayan gidan da ban san shi ba, na san gidan da za su buɗe mini da fara'a da wanda za su ɗaure fuska. Sai da ka ga na koma kamar kara sannan ka ɗauke ni a kafaɗa zuwa babban asibitin da ke hayin kogi. Likitan nan mai furfura a gemu ya duba, ya ce babban hanjina ya cika da gyambo tun daga sama har ƙasa, magani ya daina kama shi, sai dai a cire.

Ya shimfiɗa mana hanya biyu. Ko ya cire duka ya buɗe mini ƙofa a gefen ciki in riƙa ɗaura jaka, ko ya bar guntun da ke can ƙarshe ya haɗa shi da ƙaramin hanji, in riƙa zagayawa kamar kowa. Bai ɓoye mana ba, ya ce guntun nan da za a bari yana iya kamuwa wata rana. Ni ko sauraron ƙarshen maganarsa ban yi ba. Na ce da in yi yawo da kashi a jaka gara a haƙa mini kabari. Kai kuwa ka dube ni a gaban likita da nas, ka ce kai ba hanjina ka aura ba, da jaka da babu jaka, ni dai kake so a gida. Nas ɗin ta yi dariya har ta juya baya. Na ji kunya na harare ka. Ra'ayina aka bi, aka bar guntun.

Wa zai ce ba mu ji daɗi ba bayan nan? Shekara ta zagayo, wata ta biyo bayanta, babu jini, babu murɗa. Ina zagayawa fiye da sauran mutane, amma wannan ai wasa ne in an tuna baya. Ka sayi akuya muka yi godiya a majami'a. Babu direban tankar da ke jiran lodi a Rido da bai ji labarin hanjin matarka ba, har na roƙe ka ka rage. Ka ce ai abin da Ubangiji ya yi ba a rufe shi da faifai.

Sai ranar nan da Malam Sani, abokinka da kuke lodi tare, ya yi sallama a ƙofar gida da hularsa a hannu. Ban bar shi ya gama magana ba. Na ga fuskarsa na san tankarka ba za ta sake tsayawa a bakin titinmu ba. Wannan ɓangaren ka fi ni saninsa, ba zan tsaya a kai ba. Mun kai ka gida, mun sa ka kusa da Baba, muka dawo Kaduna ni da yara biyu da ɗakin da ya yi mana faɗi.

Damina ba ta ƙare ba na ga jinin. A bayan gidan masaƙa ne, ana tsakiyar aikin safe, injuna suna ta ruri ta bayan bango. Na tsaya ina kallonsa. Ka san yadda na ji? Kamar na raka baƙo har tasha, na ga motarsa ta tashi, na dawo gida na tarar da shi zaune a kan gadona yana cire takalmi. Na ce wa kaina ai baƙin ciki ne, ko yajin da na ci jiya. Cikin 'yan makonni ya nuna mini shi ne dai, bai canza hali ba. Har ya zo da sabon salo. Sai in ji kamar zan zubar da duk cikina, in ruga, in tsuguna, ba abin da zai fito sai jini da majina. In tashi, kafin in ɗaura zane ya sake kirana. Gwiwoyina suka kumbura, bakina ya fashe, idona ya yi ja kamar na kwana a hayaƙi.

Na koma wurin likitanmu. Ya tambaye ni ina mutumin nan mai surutu, na faɗa masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da ya duba ni ya ce abin da ya ji tsoro ne ya faru, guntun ya kamu, gyambon ya tsiro a cikinsa. Ya ce a gwada magani tukuna. Ya ba ni manyan ƙwayoyi ruwan ɗorawa masu rina fitsari, da wasu ƙanana farare. Fararen nan suka kumbura mini fuska ta zama kamar faranti, alhali hannuwana kamar tsinken tsire. A majami'a mata suna ta yi mini barka, wai Maman Rahila ta yi ƙiba, ta fara mantawa da takaba. Ina murmushi ina amsawa, idona yana kan ƙofa, ina auna nisan da ke tsakanina da bayan gida.

Ka san lokacin da ake ciki, ostariti, tsadar nan da ƙarancin kaya, ya kama kowa. Yau akwai maganin a kemis, gobe a ce ya yanke sai an zo da shi daga Legas. In na samu abin ya lafa, in ya yanke ya taso da ƙarfinsa. A masaƙa kuma ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata, ga shi injin saƙa ba ya son a bar shi shi kaɗai. Asabe da ke kusa da ni ita ke riƙe mini nawa duk lokacin da na ruga, har shugaban sashenmu ya lura. Na ɗauka kora ce. Sai ya mayar da ni wurin ninke yadi, kusa da ƙofar baya. A gida ma ka san bayi ɗaya ne ga duk 'yan haya. Wata safiya Hajiya Balaraba, matar mai gidan nan da kake cewa ba ta dariya, ta same ni na jingina da bango ina jiran layi ina haɗa gumi. Ta dube ni ta wuce. Da yamma ta shigo da kanta ta ajiye mini mabuɗin bayinta na cikin gida a kan tabarma, ta ce kowane lokaci ne, kada in yi sallama. Ka yi mata gurguwar fahimta, Baban Rahila. Matar nan zinariya ce.

Yanzu zan faɗa maka ranar da ta fi kowace muni, wadda kuma daga ita ne komai ya juya.

An ce an kawo sabulu da madara a kasuwar Kakuri, na shiga layi. Tun daren jiya ban ci komai ba don in iya tsayuwa, haka nake yi duk ranar da zan fita. Layi ya yi nisa, na kusa kaiwa, sai cikina ya murɗa. Na ce bari in daure kaɗan. Bai jira ni ba. A tsakiyar mutane, da rana tsaka, na ji ɗumi yana bin ƙafafuna. Na kasa gaba na kasa baya. Waɗanda ke bayana suka fara ja da baya suna toshe hanci. Na rufe ido na ce Yesu, ka buɗe ƙasa.

Sai na ji an yafa mini zane daga baya, an ɗaure shi tamau a ƙuguna. Wata mata ce ƙatuwa, Inyamura, mai shagon kayan roba a bakin layin. Ta kama hannuna tana yi wa mutane tsawa da Hausarta mai haɗe da Turancin kasuwa, wai me suke kallo, su ba su da ciki ne? Ta kai ni bayan shagonta, ta kawo ruwa a bokiti da sabulu, ta tsaya ta tare ƙofa da jikinta har na gama. Mama Ngozi ake ce mata. Da na fito ina kuka ina ba ta haƙuri, ta zaunar da ni a kan buhu ta ce in faɗa mata ciwon. Na faɗa mata duka, har da maganar jakar da na ƙi. Na maimaita mata abin da na ce, gara kabari.

Ta dube ni ta yi wata irin dariya. Ta leƙa waje, ta ja labule, ta ɗaga rigarta. Yohanna, jaka ce a gefen cikinta, ɗaure da bel. Ta ce tun lokacin yaƙin basasa take da ita, tana budurwa ƙarfen bam ya shige ta a ciki. Da ita ta yi aure, da ita ta haifi 'ya'yanta, da ita take hawa motar dare zuwa Anacha saro kaya. Ta ce in tambayi duk kasuwar nan wa ya sani. Sannan ta tambaye ni, tsakanin ni da ita yau, wa ya yi yawo da kashi a gaban mutane?

Maganar ta yi mini zafi. Na tafi gida ina jin haushinta. Amma duk inda na juya sai in ga matar nan tana ɗaga bandir ɗin bokitai ita kaɗai tana ciniki da murya kamar ƙaho.

Ana cikin haka yayanka Markus ya zo daga gida. Ka san shi ba mugu ba ne. Ya ga yadda na koma, ya zauna ya kasa cin abincin da Rahila ta kawo masa. Ya ce dangi sun zauna sun yanke shawara ya tafi da yaran, Iliya ya zauna wurinsa, Rahila ta je ta taimaki Mama, ni kuma in ji da jikina. Bai faɗi sauran ba amma na ji shi. Suna so yaran su saba da can kafin abin da suke jira ya faru. Rahila tana aji na ƙarshe a sakandare a lokacin. Tana tsaye a bayan ƙofa, na ga inuwar ƙafafunta. Na tuna yadda kake cewa yarinyar nan sai ta tsaya a gaban allo da alli a hannu ko da za ka sayar da rigarka.

Na durƙusa na ce wa Yaya Markus na gode, amma ya ba ni zuwa Kirsimeti. In Kirsimeti ta zo bai gan ni da ƙafafuna a ƙofar gidansa ba, ya zo ya kwashe su, ba zan ce uffan ba. Ya ce to. Ina ganin tausayi ne ya sa ya yarda, ba don ya gaskata ba.

Washegari na tafi asibiti ba ranar ganin likita ba. Na zauna a ƙofarsa har ya fito. Na ce masa na zo a cire guntun, a ba ni jakar. Ya ce dama abin da yake shirin faɗa mini ke nan, don magani ya gaza, kuma gyambon da ya daɗe haka yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Aka kawo takardar yarda. Wancan karon kai ka sa hannu, ni ina kwance ina kallon silin. Wannan karon nas ta tambaya ina mijina ko wani namiji nawa. Na ce ta ba ni biron.

Aka ce sai an tanadi jini, nawa ya yi ƙasa sosai. Wa nake da shi? Na aika wa Malam Sani, ina tunanin ko shi kaɗai zai zo. Ranar da aka sa, ina kwance kusa da taga, sai na ji hayaniya a waje. Direbobin Rido ne, Baban Rahila. Sun bar motocinsu a layin lodi sun cika motar haya sun zo. Da masu hula da masu kuros a wuya, har da Oga Emeka bakaniken da kuke faɗa da shi kullum a kan birki. Suna naɗe hannun riga suna gardamar wa zai fara. Malam Sani ya leƙo ta taga ya ce ai sun sha labarin hanjin nan har sun haddace, yanzu ya zama nasu, ba za su bari ya kunyata su ba. Ka ga surutun da nake hana ka, shi ya zo ya tsaya mini.

Hajiya ta kwashe yaran zuwa ɗakinta. Matan zumunta na majami'armu suka raba kwanakin jinya a tsakaninsu. Aka shiga da ni.

Ba zan yi maka ƙarya ba, farkon ya yi wuya. Ranar da aka buɗe bandeji na ga abin, ja jawur kamar attaruhu a gefen cibiyata, yana motsi shi kaɗai, na juya fuska na yi kuka har ɗinkin ya yi mini zafi. Na ƙi taɓa shi. Nas ta yi lallashi ta gaji. Sai ga Mama Ngozi da kwanon farfesu. Ta rufe shagonta ranar kasuwa ta zo. Ta kama hannuna ta ɗora a kai da ƙarfi, ta ce in gaishe shi, tare za mu tsufa. Ita ta koya mini duk abin da ba a rubuta a takardar sallama ba: yadda zan wanke fatar in bar ta ta sha iska don kada ta saɓule, yadda zan ɗaura zane sama kaɗan, abin da zan ci in zan daɗe a waje. Ta kawo mini jakunkunan roba guda biyu masu bel ta hannun ƙanenta da ke Legas, in ɗaura ɗaya in wanke ɗaya. Likita kuma ya ja mini kunne a kan ruwa, ya ce tunda babu babban hanji jikina ba ya riƙe ruwa da gishiri, in zafi ya yi in riƙa haɗa ruwan gishiri da sukarin nan da ake ba yara masu gudawa.

Fatar ta ƙone ta warke ta sake ƙonewa kafin in gane kanta. Ciwon ƙasa, inda aka cire guntun, ya daɗe bai rufe ba, na yi makonni ina zama a gefe ɗaya. Sau ɗaya jakar ta ɓalle mini ana tsakiyar wa'azi, na fita da sauri. Amma ka san bambancin? Na je na wanke, na ɗaura ɗayar, na dawo na tarar ba a yi addu'ar rufewa ba. Na zauna na ƙarasa sujadata.

Wata safiya na farka na kwanta shiru ina sauraron jikina, ina jiran murɗar nan da ke tashe ni shekara da shekaru. Ba ta zo ba. Wani abu dabam na ji, har na ɗan tsorata kafin in gane shi. Yunwa ce. Yunwa ta gaske, irin ta mai lafiya. Na tashi na ɗumama tuwon jiya da miyar kuɓewa na cinye, na kankare tukunyar. Iliya ya fito ya tarar babu ɗumame, ya tsaya yana kallona baki buɗe, sai muka fashe da dariya mu duka uku. Tun ranar da Malam Sani ya yi sallamar nan ba a yi dariya irin wannan a ɗakinmu ba.

Na koma masaƙa. Na je wurin shugaban sashe na ce na gode da wurin ninke yadi, a mayar da ni kan injina. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in gwada mako guda. Har yau ina kai. Yanzu ni ke riƙe wa Asabe nata in ta je shayar da jaririnta. A majami'a na bar bencin baya, na koma cikin mawaƙa, ina tsayawa daga waƙar farko har ta ƙarshe.

Sai Kirsimeti ta zo.

Muka tafi tasha da sassafe ni da yara. Kwandasta ya nuna mini kujerar bakin ƙofa, na ce a'a, can ciki nake so, kusa da taga. Da muka tsaya a Kachiya masu talla suka yanyame motar. Ka tuna duk tafiyar da muka taɓa yi tare, kai kana ci ni ina kallon waje da bakina a bushe? Na sayi dafaffen ƙwai, na sayi tsire, na sayi ayaba. Na ci a cikin mota, a kan hanya, mutane a dama da hagu. Daga nan na jingina kai da gilashi na yi barci. Barci, Yohanna, a mota! Sai da Rahila ta girgiza ni ta ce Mama mun iso.

Yaya Markus yana zaune a gindin mangwaron ƙofar gida. Ya amsa gaisuwar yaran, ya dube ni ya gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa, yana leƙen bayana yana neman mara lafiyar. Na ajiye buhun shinkafar da na ɗauko a ka tun daga bakin titi, na ce Yaya, ga ni, Kirsimeti ta zo. Ya miƙe tsaye. Sai ya juya cikin gida yana ƙwala wa Mama kira kamar ƙaramin yaro. Mama ta fito tana dogara sanda, idonta ya yi rauni yanzu. Ta shafa fuskata, ta matsa damtsena, ta matsa kuma, sannan ta rangaɗa guɗa. Maganar ɗaukar yara ko sau ɗaya ba ta sake fitowa ba. Da yamma na karɓi taɓarya muka surfa acca da matan gida. Ranar Kirsimeti na shiga rawar zumunta, na yi ta juyi har ƙura ta rufe mini ƙafa, kuma ba ni na fara gajiya ba.

Ga labarin gida. Rahila ta ci jarrabawa, tana kwalejin horon malamai. Ta zo hutu ta tsaya tana gyara mini Turanci. Iliya muryarsa ta fara buɗewa, ya ɗauko tafiyarka, kafaɗa ɗaya sama. In na hango shi daga nesa da yamma sai gabana ya faɗi. Ya ce shi injiniya zai zama a matatar mai, ba zai tuƙa tanka ba, na ce Ubangiji ya amsa. Hajiya ta aurar da autarta, ni na dafa shinkafar bikin. An zuba kwalta a titinmu har zuwa wurin mai faci. Mama Ngozi ta zama 'yar'uwa, duk Asabar ina shagonta.

Likitanmu kuma ya ba ni wani aiki da babu albashi. In ya samu wanda za a yi wa irin aikina yana ƙi, sai ya aiko a kira ni. Kwanan baya wata yarinya ce daga Unguwar Mu'azu, amarya, ko shekara ba ta yi a ɗakinta ba. Ta juya wa kowa baya tana cewa gara ta mutu. Na zauna a bakin gadonta na bar ta ta gama. Sannan na ja labule. An yi mata aikin. Ran nan ta zo gaishe ni ita da mijinta da kwanon dambu, ta yi kumatu.

Ba na cewa komai ya zama daidai. Gyaɗa da masarar gashi sai dai in kalla, in na yi ganganci na ci sai ƙofar ta toshe in kwana ina juyi. Lokacin zafi ina shan wuya. Wani lokaci cikin yana yin ƙara a inda bai kamata ba, sai in yi tari in rufe. Amma likita ya ce ciwon nan ba shi da sauran wurin kamawa a jikina. Jini ya tsaya. Ina tafiya inda nake so, in dawo lokacin da na ga dama.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Lokacin ciwon farko, na san kai ne kake kwashe zannuwana da suka ɓaci ka kai famfo ka wanke kafin 'yan haya su tashi. Ina jin fitarka, ina jin dawowarka da hannuwa masu sanyi. Na san mazan gidan sun gan ka, sun yi ta yi maka ba'a. Nakan rufe ido in yi kamar ina barci, don kunya ba za ta bar ni in dube ka ba. Kai ma ba ka taɓa ɗaga maganar ba. Na gode, maigidana. Na gode ƙwarai. Da na faɗa maka tun kana iya jin kunya ka sosa ƙeya.

Ɗaya kuma. Kafin mu baro gida na je wurinka ni kaɗai. Na cire ciyawar da ta fito, na zauna a kan dutsen gefe. Wata magana na je janyewa. Lokacin da ciwon ya kai maƙura, na sha kiran sunanka ina cewa ka zo ka tafi da ni, ka roƙa mini wuri kusa da kai, na gaji. To, in ka riga ka kai roƙon, ka koma ka ce matar ta fasa. Ina da aure da zan yi wa Rahila. Ina so in ga gemun Iliya. Ina so in goya jikokinka in ba su labarin surutunka. Zan zo, ba na musu, amma sai na yi furfura na tsufa tukuf, har sai ka duba da kyau kafin ka gane ni. Kada ka tsaya jira a bakin hanya. Ka samu wuri ka zauna, zan daɗe.

Ka huta lafiya cikin salamar Ubangiji. Yara suna gaisuwa, ko da ba su san ina rubutawa ba. Bari in tashi, gobe aikin safe nake da shi.

Ni ce matarka, da ranta da lafiyarta,
Saratu, Maman Rahila